Bindigar da Yayana Ya Ƙera

Yayana mai walda ne. A shekara ta biyu da fara yaƙi mayaƙa suka cinna wa shagonsa wuta, injinsa ya narke ƙurmus. Tun daga nan yake zaune a tsakar gida, yana faɗa da matarsa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Abu ɗaya yake so a duniya, ya samu inji ya koma sana'arsa.

Da aka yi sulhu, wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje ta kama hayar bene a bakin titi, ta ɗauke ni tafinta. Ɗakin ajiyarsu maƙil yake da injinan walda, sababbi fil a kwali. Na yi ta murna, sai da na karanta sharaɗin. Ba a ba kowa sai wanda ya miƙa bindiga, kwamandansa kuma ya sa hannu cewa yaronsa ne.

Na tambayi shugabar ofis, wata doguwa mai yawan murmushi da muke kira Madam Tsari, don ba ta buɗe baki ba ta ambaci tsari ba. Na ce, "Waɗanda aka ƙona wa shaguna fa?"

Ta ce, "Wannan wani shiri ne daban, ana kan nazarinsa."

Har gobe ana nazarin nan.

Da na gaya wa Yaya, ya yi wata dariya mara daɗi. "Wato laifina ban kashe kowa ba ke nan, ƙanwata?"

Na roƙe shi ya haƙura, ya ƙi. Ya samo guntun bututun ruwa, ya ari injin wani, ya ƙera bindiga, ya shafe ta da baƙin mai da ƙasa har ta yi kamar ta sha daji. Sa hannun kuwa, wurin Mai Gemu ya je, kwamandan da yaransa suka ƙona shagon. Ƙungiyar ta ba shi teburi da fanka a ƙasan bene yana tantance mutane. Ya sa hannu yana washe baki, yana cewa ai yanzu duk ɗaya muke.

Ranar tambayoyi ni na yi tafinta, Madam tana tambaya ina fassarawa.

"Shekara nawa ka yi a daji?"

"Uku," in ji Yaya, bai ko kalle ni ba.

"Me ya sa ka ajiye makami?"

"Na gaji."

Wannan kaɗai ce gaskiyar da ya faɗa ranar. Idon Madam ya ciko da ƙwalla, ta ce in gaya masa jama'a sun yafe masa. Na gaya masa, da bakina. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan rana ba.

Aka ba shi inji. Bayan mako guda kuma aka manna sunayen tubabbun mayaƙa a ƙofar kasuwa, kowa da hotonsa riƙe da bindigar da ya miƙa, don tsari ya ce kada a ɓoye wa jama'a komai. Yayana na layi na biyu.

Da hantsi Goggo maƙwabciyarmu ta shigo. 'Ya'yanta biyu aka kashe a hanyar gona.

"Ɗana, ashe har da kai?"

"Goggo, wallahi ƙarya na yi musu, don inji."

Ta dube shi. "To ni yanzu wacce zan ɗauka, wadda ka rantse musu ko wadda kake rantse mini?"

Ta fita, ba ta sake taka gidanmu ba.

Na roƙi Madam a cire hoton. Ta ce in an cire sai an karɓe injin.

Wata huɗu ke nan da ya buɗe shago. Mutanen unguwa sun gwammace su kai aikinsu can bayan tasha. Tsofaffin mayaƙa kaɗai ke kawo masa gyaran babur da baro, kuma "na gida" suke kiransa. Yana amsawa.