Abin da ya tsaya wa Sa'adatu a wuya

Shekara biyu da wata uku ke nan da aka cire wa Sa'adatu ciwon daji a maƙogwaro, can Yamai. Ta koma koyarwa a lakwal, makarantarsu ta unguwar Zango, muryarta a ɗan dushe, gyale naɗe har wuya don rufe tabon ɗinki. Kowa ya ce ta warke, ita ma haka take faɗa.

Wata Laraba, a gidan sunan ƙanwar mijinta a unguwar Birni, ta haɗiye lomar shinkafa sai ta ji wani abu ya tsaya mata ta gefen hagu, kamar ƙwayar gero. Ta sha ruwa, yana nan. Ta zaga bayan ɗaki tana lalube wuyanta har aka fara cigiyarta.

Daga ranar ta koma haɗiyar yawu tana saurare. A aji sai ta tsaya tsakiyar magana ta haɗiye, ɗalibai suna kallonta. Ta bar tuwo da nama, sai kunu da fura mai ruwa-ruwa. Cikin wata guda zobenta ya fara zamewa daga yatsa, ramar kuma ta ƙara firgita ta, don da rama wancan ciwon ya fara.

Mijinta Modu, mai sayar da kayan babur, ya kai ta asibiti sau biyu. A na uku ya ce shago ba kowa, ta hau kabu-kabu.

Bayan likita ya leƙa maƙogwaron da na'ura, majo Rut, ma'aikaciyar jinyar da ta san ta tun farkon ciwon, ta zaunar da ita.

"Madam Sa'a, ba a ga komai ba. Hasken da aka gasa miki wurin da shi ya busar da yawu, tabon kuma yana ja. Da yawa suna jin haka. In kina sa masa hankali, ƙaruwa yake yi."

"Majo, wancan karon ma wata takwas ana ce mini ba komai. Maganin mura aka yi ta rubuta mini. Kin tuna?"

Rut ta sunkuyar da kai. "Na tuna."

"To yau me ya sa zan yarda?"

Rut ta miƙa mata katinta na asibiti. Ta ce mata ta riƙa yawo da ruwa a jaka, ta dawo bayan wata uku.

Inna Fati, mahaifiyar Modu, ta zo daga Tirmini ta same ta tana tace kunu.

"Ƴar nan, ku nawa kuka kwanta a ɗakin nan na asibitin Yamai? Nawa suka dawo gida? Allah ya tashe ki, ke kuma kina kiran ciwo da bakinki."

Su biyar ne, biyu suka dawo. Sa'adatu ta san sunayen sauran ukun, amma ta ce, "Haka ne, Inna."

Modu bai yi faɗa ba. Yana sa takalmi ya ce, "Sa'a, na gaji. Shekara uku gidan nan ba a yi hirar komai ba sai wuyanki."

Da aka yi hutun lakwal ta hau mota zuwa Yamai ita kaɗai, yini guda a hanya. Aka yi mata hoto, aka ɗebi jini, ta jira kwana huɗu a gidan wata abokiyar karatunta. Likitan da ya yi mata aiki ya duba komai a gabanta, ya yi murmushi ya ce wurin tsaf yake.

Ta fito ta zauna a benci, takardar a cinyarta, tana jiran farin ciki ya zo. Bai zo ba. Sai ta gane ashe a ƙasan ranta ta so a ga wani abu, ko ƙarami ne, wanda za ta kai gida ta ajiye a gaban Modu da uwarsa. Kunyar wannan tunani ta sa ta kuka. Wata mata da ke gefenta, wadda magani ya zubar wa gashi har gira, ta dafa ta tana cewa, "Yi haƙuri, ƴar uwa, ana warkewa." A zatonta mugun labari aka ba ta. Sa'adatu ba ta gyara mata ba.

A gida Modu ya karanta takardar sau biyu.

"Alhamdu lillahi. Ai na faɗa miki."

Ya sa aka yanka kaza. Ta ci kowa yana kallonta, ta ce ta yi daɗi. Kowace loma sai da ta gogi abin nan na wuyanta kafin ta wuce.

Ba ta ƙara ambata wa kowa shi ba. Bayan mako biyu tana shara a tsakar gida ta jiyo Modu a zaure yana gaya wa abokansa cewa tsoro ne kawai, kuma tsoron ma ya bar ta.