Rakiyar Biyana

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma har yanzu ban gama hucewa ba.

Bari in fara da halin da na kwanta a ciki. Ni Hajiya Yalwa, da duk kasuwar Kwari ta Kano aka sani da leshi da takalma, wadda ta fi sanin tashar jirgin ƙasa ta Milan a kan tashar motar unguwarsu, tun da aka yi mini aikin gwiwa ban taka ko bakin ƙofar falo ba. Likita ya ce gwiwa ta warke sarai, tsoro ne kawai ya rage. Na ce ai ba a jikinsa aka dasa ƙarfen ba. Jiya da yamma na zaunar da autana Nafi'u na tsara masa tafiyata ta Turai: in sauka birnin Biyana, in gangara Milan, in ƙare a Benis, garin nan da ke zaune cikin ruwa. Yaron nan ya saurare ni tsaf, sannan ya ce ranar da na taka da ƙafata zuwa get ɗin gidan nan, shi da kansa zai nemo mini biza, in kuwa ban iya ba, in bar maganar Turai har abada. Ɗan da na goya fa. Da wannan takaicin barci ya ɗauke ni.

Sai ga ni a tsakar gida. An sauke rana an jiƙa ta a baho, wai ta yi datti, amma haske na nan yadda yake. Kaji na zaune kan kujeru suna tsintar shinkafa, su zubar da shinkafar su adana tsakuwar. Ban ga abin magana ba. Aka yi sallama.

Su uku ne. Biyana ce a gaba, dattijuwa fara sol, ta yafa leshi mai nauyi, in ta numfasa sai ka ji goge na tashi a ƙirjinta. Milan na biye, ɗan gayu, tsinin takalminsa ya riga shi shigowa da nisa. Benis ce a ƙarshe, jiƙe sharkaf, ta goyo ɗan kwalekwale da zani. Nan take na gane su, yadda mutum ke gane danginsa.

Dubiya suka zo. Sun ji labarin ƙafata, sun jira shiru-shiru, sai suka ɗauko kansu suka taho. Na tambayi ina suka baro mutanensu. Milan ya buɗe aljihu ya nuna mini, ga su nan kuwa suna ta shan kofi, ko ɗaya bai ɗago ba. Benis ta zauna, tabarma ta tashi da ita tana yawo a kan ruwan da ya taru. Ƙwaryar fura ta zo da kanta, suna sha tana ƙaruwa, har sai da na ba su haƙuri.

Bayan gaisuwa Biyana ta gyara zama.

"Yalwa, kin yanke zumunci."

Na shiga rantse-rantse, ina nuna gwiwa, ina ba da labarin zafin da na sha. Ban kai ƙarshe ba sai gwiwar ta yi gyaran murya. Ta gaishe da baƙi cikin ladabi, sannan ta ce don Allah a daina ɗora mata laifi, ita tun da aka kawo ta gidan nan ba a taɓa ba ta aiki ba, zaman kashe wando kawai take. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na ja zani na rufe ta, tana ciki tana ƙunƙuni.

Suka miƙe za su tafi. To, a gidanmu ba a taɓa yin baƙon da ya tashi mai gida na zaune ba, balle wanda ya ƙetaro teku don ya duba ka. Ban ma yi shawara da kowa ba, na ja mayafi na ce bari in taka musu zuwa ƙofa. A ƙofa Biyana ta ɗauko labarin wani sabon leshi mai furen da ke buɗewa da safe, kuma ba a yanke wa babba magana. Kafin furen ya gama buɗewa mun wuce get, kuma bayan get ɗin hamada ce.

Suka ce, Hajiya ki koma haka nan, mun gode. Na ce a'a, bari dai in kai ku waccan kwanar. Haka ake faɗa, haka kuma ake amsawa. Sai dai kwanar ita ma tafiya take, da ɗan ƙunshinta a ka.

A bakin iyaka akwai tebur a gindin bishiyar da ta tsiro saiwa a sama. Wani bunsuru mai tabarau ya ce in kawo biza. Na ce ranka ya daɗe, rakiya nake yi. Ya miƙe tsaye ya sara mini, ya ce mai rakiya ba ta da iyaka, ya tauna hatiminsa ya haɗiye don kada a ce bai yi aiki ba.

Da muka isa teku Benis ta sunkuya ta tattare shi yadda ake tattare zani a wurin taɓo, muka bi ta ƙasa. Kifaye suna shanya wanki suna yi mana sannu da hanya. Daga nan ruwan sama ya fara tsattsafowa daga ƙasa, kowa ya juya lemarsa ya riƙe ta wajen gwiwa. Ni dai tafiya nake, ina hira, ina dariya, har da gyara wa Milan kuskure a kan wane irin takalmi matan Kano ke so. Ko sau ɗaya ban tuna da ƙarfe ba.

Muka tarar da Turai da gurabe uku fayau, irin wurin da aka ɗage gado. Kowa ya nufi nasa. Benis ta kwanta, ruwanta ya bazu, kwalekwale ya sauka daga baya ya kama aiki. Milan ya zazzage aljihu, mutane suka watsu da kofunansu, shaguna suka buɗe, ƙamshin sabuwar fata ya buge ni. Biyana ta miƙe ƙafa, tituna suka shimfiɗu, har na hango ɗan bencin da nake zama in ci gurasa in kalli tattabaru idan na gama sari. Wallahi sai da hawaye ya zubo mini. Na yi kewar wuraren nan fiye da yadda na taɓa faɗa wa kowa, kuma na tsorata ƙwarai cewa na gama ganinsu ke nan.

Na gyara mayafi zan shiga. Biyana ta ɗago hannu.

"Ina kuma za ki? Ai mai rakiya ba ta shiga gida."

Na ce Yaya Biyana, ki dubi Allah, daga Kano fa nake, a ƙafa.

"Rakiya kika yi, ba zuwa kika yi ba. Ki koma ki zo."

Nan fa na hau masifa. Na ce wace irin al'ada ce wannan ta rashin imani. Milan ya leƙo ta wata taga ya ce in yi haƙuri, su ba su san ta ba, a gidana suka koya yau ɗin nan. Na juya in ga nisan komawar, sai ga gadona can, ga get ɗina nan, tsakaninsu ɗan filin da ko tabarma biyu bai cika ba. Amma duk hamadar da tekun da na ratso ba su ba ni tsoro kamar ɗan filin nan ba.

Na ce yau dai sai an yi abin kunya. Na kama ƙafar ƙarfen da hannu biyu, na ɗaga ta, na dire a kan titin Biyana da dukkan nauyina. Titin ya ce ƙwam. Na sake dannawa, ya ce ƙwam ƙwam.

Na buɗe ido, mai ruwa ne ke buga get da dutse. Gari ya waye, Nafi'u na wanka, babu mai buɗewa. Na duba, ashe ƙafar ta riga ta sauka daga gado, tafinta a kan siminti mai sanyi, tana jirana. Ya sake bugawa. Na sauko da ɗayar, na dafa bango, na ce masa ya yi haƙuri, ga ni nan zuwa.