Kitse a Jinin Duwala

Zuliha ta daɗe tana sana'ar man gyaɗa a unguwar Garin Malam a Zinder. Gidanta ba ya rabo da gyaɗa: wata a buhu a zaure, wata a shanye a tabarma, wata a kasko ana suya. A cikin gidan nan akunta ta girma, mai ruwan toka da jar wutsiya, wadda mijinta Lawali, direban babbar mota, ya kawo mata daga Kamaru. Sunan garin da ya samo ta aka sa mata, Duwala.

Ba a cika rufe ta a keji ba. Yini take tana yawo a tsakar gida, ta tsinci gyaɗa nan, ta ɓantari ƙuli-ƙuli can, matan da ke taya Zuliha aiki kuma kowa ta miƙa mata tunkuza.

Bayan damina Zuliha ta lura Duwala ta daina hawa bishiyar dogon yaron da ke bakin rijiya. Ko daga turmi ta tashi zuwa katanga, sai ta buɗe baki tana haki. Ran nan ta faɗo daga igiyar shanya, ta kasa tashi. Zuliha ta sa ta a kwando, ta rufa mata zane, ta hau kabu-kabu zuwa wurin wata likitar dabbobi mai suna Aliya a Sabon Gari.

Aliya ta ce mata yawancin aikinta awaki ne da kaji, amma za ta duba. Ta hura gashin ƙirjin tsuntsuwar, ta nuna mata kitse rawaya a ƙarƙashin fata. Ta ɗebi jini kaɗan daga jijiyar wuya, ta sa a wani inji mai juyawa. Da ta fito da 'yar kwalbar, jan jinin ya kwanta a ƙasa, ruwan da ya taso sama kuwa fari ne kamar nonon da aka sirka. Ta tambaya ko akun tana shirin ƙwai, don hakan ma yakan ƙara mai a jinin tsuntsu. Zuliha ta ce ba ta taɓa yi ba. Ta tambayi abincinta, Zuliha ta faɗa mata sana'arta.

"Inna, farin nan da kike gani mai ne," in ji Aliya. "Garau ya kamata ruwan ya fito."

Ta yi mata bayani cewa a daji aku tana tashi nesa neman abinci, jikinta ya ƙone man da ta ci. A gida kuwa hanta ce ke tara shi har ta kumbura, saura ya manne a hanyoyin jini. Ta ce babu allurar da za ta wanke shi. Sai dai a rage gyaɗar a hankali, a koya mata jiƙaƙƙen gero da karas da kabewa da ganyen zogale, kuma ta riƙa motsa jiki.

Zuliha ta gwada. Ta rufe Duwala a keji a ɗakin baya. Tsuntsuwar ta riƙa watsar da karas, da ta ji ƙarar kasko sai ta kama ihu, har ta fara fige gashin ƙirjinta. In an sake ta, wurin tabarmar gyaɗa take nufa. Wata rana Zuliha ta tarar da Maryama, wadda ta fi kowa daɗewa a aikin, tana zura mata gyaɗa ta tsakanin ƙarafan keji. Maryama ta ce kukan ne ba ta iya jurewa. Zuliha ba ta yi mata faɗa ba.

Yayanta Nomau ya shigo gari daga Hamdara, ya ga halin da ake ciki. Shi gero da dawa yake nomawa, yana kuma da 'yar garka ta kayan lambu. Ya ce ta ba shi akun ya tafi da ita ƙauye. Zuliha ta ce sam. Ya ci abincinsa. Da zai tafi ne Duwala ta sake zamowa daga sandar kejinta, Zuliha ta tsaya tana kallonta tana haki a ƙasa.

"Yaya, ɗauke ta," ta ce. "Amma ka gaya wa Fati kar ta ba ta gyaɗa ko ta roƙa."

Fati, matar Nomau, ta kiyaye. Da farko Duwala ta ƙi cin komai sai gero, daga baya ta karɓi kabewa. Nomau ya sa raga a wata tsohuwar rumfa, yana sakinta a ciki tana tashi daga wannan azara zuwa waccan.

Kafin bazara suka sake kai ta wurin Aliya. Akun ta rame, hakin ya ragu, ruwan jinin ya fito da ɗan gauraye amma ba fari ba. Aliya ta ce hantar ba lalle ta koma daidai ba, kuma bai kamata ta dawo gidan mai ba.

Duwala ta zauna a Hamdara. Zuliha takan je in aiki ya yi sauƙi, da gwaiba a ƙulle a bakin zane. A zuwanta na baya ta tarar akun ta koyi yadda Fati ke kiran kaji, tana ta tara su a ƙofar rumfa ba tsaba ko ƙwaya. Fati ta ce abin ya ishe ta. Zuliha ta zauna a tabarma, ta yanka gwaibar, ta miƙa wa Duwala ta cikin ragar.