Fito a Matakala

Ni na ce su rubuta, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. 'Yan aji uku ne, su talatin da biyu, kuma na gaji da waƙar "ina son makarantata" da suke maimaita mini kamar aku. Na ce kowa ya rufe ido, ya koma gidan da ya fara wayo a ciki, ya kawo mini abin da ya gani da abin da ya ji, mu jera su su zama waƙa.

Wani yaro da muke kira Sarkin Surutu ya kawo akuyar kakarsa da ta cinye masa littafi. Wata ta kawo warin sabon fenti. Baƙuwa kuwa, wadda aka kawo mana a tsakiyar zango kuma ba a jin muryarta sai da ƙyar, ta miƙo mini layi huɗu:

Ƙofarmu shuɗiya ce, a saman bene.
Baba yana fito da baki in zai hau matakala.
Da mun ji, ni da Umma sai bayan keken ɗinki.
Wanda ya yi numfashi shi ake fara kamawa.

Dariya na yi. Wasan ɓuya, na ce a raina! Na ba ta goma bisa goma, na rubuta da jan biro: "Madalla da wannan gida mai daɗi." A makarantarmu, waƙar da ta fi kyau akan liƙa kwafinta a allon bakin ƙofa da hoton mai ita, shugaba ta ɗora a shafin makaranta na intanet. Haka aka yi, ina ta hura hanci.

Bayan kwana biyu uwar ta same ni lokacin hutun tara, da guntun zare manne a rigarta.

"Malama, don girman Allah ki cire takardar nan."

"Haba Maman Baƙuwa, ai yabo ne."

Ta naɗe hannun riga ta nuna mini. Ƙashin ya taɓa karyewa, ya haɗe a karkace. "Shekara guda muna gudun ubanta. Wannan ne gari na uku."

Na yage takardar, shugaba ta goge na shafin, aka gargaɗi maigadi. Amma iyaye sun riga sun yi ta turawa, kuma wa ya san hannun da ta faɗa?

Ranar Alhamis, saura kaɗan a tashi, ina rubutu a allo. Ajinmu a sama yake. Sai na ji fito daga ƙasan matakala, a hankali, irin na mutumin da ba ya sauri. Na juya, kujerar Baƙuwa ba kowa. Hannu mai sanyi ya riƙe mini idon sawu a ƙarƙashin teburina.

Mai fiton ya tsaya a bakin ƙofa, fes da shi, har da murmushi da sallama. Ya ɗago waya, ga hotonta, ga jan birona.

"Malama, sannu da aiki. 'Yata na zo ɗauka."

"Ba ta zo yau ba," na ce. Na matsa jikin tebur na baza zanena.

Ya dubi yaran. "Yara manyan gobe, ina ƙawarku?"

Na sadaƙar. Yara 'yan shekara takwas, ga Sarkin Surutu a layin gaba, wanda ko sauro ya gifta sai ya ba da labari. Amma sun ji waƙar ranar da na karanta musu, kuma ashe sun fi ni gane ta. Ko tari babu wanda ya yi.

Sai ya sake yin fiton, yana kallon ƙarƙashin kujeru ɗaya bayan ɗaya. Farcenta ya nutse a fatata. Na kasa kunne, ban ji numfashinta ba ko kaɗan. Ni ma na riƙe nawa.

Maigadi da shugaba suka hawo da gudu, suka sa shi a gaba. Bai yi gardama ba. Daga matakala ya ce, "Ba komai, gobe ma rana ce."

Uwar ta zo ta fitar da Baƙuwa ta ƙofar baya. Washegari kujerar ba kowa, haka Litinin. Na je shagon da uwar ke ɗinki, na tarar da kwaɗo a ƙofa, maƙwabciya ta ce ko keken ba su tsaya ɗauka ba.

Littafinta yana cikin durowata har yau. Ina buɗe shi duk lokacin da zan sa yara su rufe ido, in ga layinta huɗu, da abin da na rubuta a ƙasa da hannuna: Madalla da wannan gida mai daɗi.