Zaren da Bai Tsinke Ba

Shekara goma sha ɗaya Mounkaïla yana sayar da zuma a Zongo, ba wanda ya taɓa cutarsa da mai haɗin ruwa. Tsinke yake tsomawa ya ɗaga. In zaren ya ja bai tsinke ba, zuma ce ta gaske. Da wannan ilimin ya auna kansa ma, bawan Allah. Shekara tara da aure ba haihuwa, amma ko a jikinsa, don ya san maniyyinsa kauri gare shi. Matarsa Labiba ce ta sha jiƙe-jiƙe masu ɗaci, ita aka yi wa wankin mahaifa har sau biyu, ita dangi ke yi wa habaici a gidan suna.

Sai da likita ya ƙi sake duba ta in ba a gwada mijin ba, sannan ya bi ta zuwa wani asibiti a unguwar Fidjrossè yana ƙunƙuni. Ya bar ta a kan benci a waje.

Mai gwajin, Wassiou, ya zuba ɗigo ɗaya na maniyyin Mounkaïla a wani ɗan faranti mai siraran hanyoyi, na'ura ta auna yadda yake tafiya. Da ƙyar yake motsi. Ya tsoma sandar gilashi a sauran, ya ɗaga, zare ya biyo ta ya yi tsawo. Mounkaïla ya yi murmushi.

"Ka gani ko? Mai kyau ke nan."

"Alhaji, shi ne ciwon," in ji Wassiou. "Ya kamata ya tsinke kamar ruwa. A cikin wannan kaurin ƙwayoyin haihuwa ba su iya iyo, nan suke maƙalewa su mutu. Madam ba ta da matsalar komai."

Kunya ta rufe Mounkaïla, tsoro ya biyo baya. Ya nemi kujera ya zauna.

"Akwai hanya," Wassiou ya ci gaba. "Tunda mun san awon kaurin, muna iya tsinka shi, mu zaɓi masu lafiya, likita ya sa mata. Amma sai ta shigo, a gaya mata gaskiya a gabanka, ku sa hannu ku biyu. In kira ta?"

Mounkaïla ya hango bakin 'yan'uwansa, da na abokan rumfa da ya sha yi wa alfahari. Ya ninke takardar sakamakon, ya tura ta can ƙasan aljihu.

"Bar ta. Za mu dawo."

Ya san ba zai dawo ba. Wassiou ma ya sani, don bai ba shi rana ba.

Labiba ta miƙe da ta gan shi, tana murza gefen mayafinta.

"Maigida, me suka ce?"

"Sun ce nawa lafiya lau."

Ta sunkuyar da kai. Da ta ɗago, idanunta sun cika.

"To, ka ƙara haƙuri da ni," ta ce. "Na ɓata maka shekaru."

Ya ce ba komai, ya ɗaga hannu ya tsayar musu da babur biyu.