Tambaya Goma Sha Biyu

Ita ce fa ta kawo shi kamfanin. Gara a fara sanin wannan, kada wani ya ce baƙin hali ne kawai ke damunta. Ƙaninta ne, autan gidansu. Wata uku ta yi tana zaunar da shi a falonta tana koya masa aikin, sannan ta je ta roƙi Manaja ya ɗauke shi. Yau ga shi Auta ake shirin ɗorawa a kujerar shugaban sashen kwamfuta, kujerar da ta shekara shida tana hange.

Kamfanin na rarraba kaji da kifi masu ƙanƙara ne zuwa shaguna. Bayanan kwastomomi kaf, sunaye da adireshi da abin da kowa ya yi oda, ba a ofis suke ba, suna can cikin wani rumbu da ake haya a intanet. In kana son wani abu daga ciki, manhajarka za ta bi ta wata ƙofa da ake ce wa API, ta nuna mabuɗinka, wato lambar sirrin da aka ba ka, ta miƙa tambaya, a miƙo mata amsa. Aikin Yaya ke nan, sunan da kowa a ofis ke kiranta da shi tun da suka ji a bakin Auta. Kuma wallahi ta iya. Tambaya goma sha biyu take aikawa kowace safiya, a tsare, kowacce ta kwaso dubban layuka a tashi ɗaya. Kafin shayinta ya huce ta gama.

Auta kuwa, Allah ya shirye shi, ɗaya bayan ɗaya yake yi. Shago ɗaya, tambaya ɗaya, kamar wanda aka aika sayen tumatir yana kawowa ƙwaya-ƙwaya. A wuni sai ya aika dubu talatin.

Ana nan sai Manaja ya gano wani shafi da ke nuna yawan tambayoyin da kowane mabuɗi ya aika. Mutum ne da ya san kifi ciki da waje, amma kwamfuta sai kallo. Ya sa aka haska shafin a talabijin ɗin bangon ofis, ya tsaya a gabansa da hannu a ƙugu.

"Ku duba min nan! Dubu talatin! Haka ake son ma'aikaci." Ya gangaro da yatsa can ƙasa. "Ke kuma Yaya, goma sha biyu? Hutu kika ɗauka ba mu sani ba?"

Aka kwashe da dariya. Ta fara bayanin cewa ba yawan tambaya ne aiki ba, ya ɗaga mata hannu.

"Ni dai abin da na gani a allo na sani. Ranar Juma'a zan faɗi mai kujera."

Auta kuwa sai baki har kunne. Da yamma kuma mahaifiyarsu ta bugo waya.

"Ashe ƙaninki ne ke riƙe da kamfanin nan? Ke ma ki dage, ki riƙa koyi da shi."

Ta riƙa koyi da shi! Yaron da ita ta nuna masa inda ake kunna kwamfuta! Kishi ne ya kama ta, ba sai an sakaya ba. Ko dariyar Auta ta jiyo daga teburinsa sai ta yi tsaki. Sabuwar rigar da ya saya ma tsone mata ido take.

Ranar Alhamis da safe ta zauna ta warware aikinta da hannunta. Tambayoyin nan goma sha biyu da ta yi shekaru tana gogewa, ta daddatsa su, shago ɗaya tambaya ɗaya, irin na Auta.

Ba a makance ta yi ba. Ta san masu rumbun sun sa iyaka: tambaya dubu ɗari a wuni ga kamfanin duka, in an cika a rufe ƙofa sai gobe. Ta kuma san wayoyin direbobi ta ƙofar nan suke bi su ɗauko adireshi da odar kowane shago. Ta auna: Auta dubu talatin, direbobi dubu ashirin da biyar, ita dubu talatin da biyar. Akwai sarari.

Ƙarfe goma sunanta ya hau saman allo. Manaja ya zo wucewa ya ja birki.

"Yauwa! Ashe da ƙarfinki kike ɓoye mana."

Daɗi ya ratsa ta har tafin ƙafa. Sai Auta ya leƙo ta saman kwamfutarsa.

"Kai, Yaya, yau tsere ake yi ne? Bari in taya ki."

Yana dariya ya sake kunna wani ɓangaren aikinsa. Wasa yake, ita ma ta san wasa yake. Amma ta ga lambarsa na hawa, dubu talatin da shida, talatin da takwas, sunansa ya sake hawa kan nata. Nan ya kamata ta haƙura. Ta san iyakar, ta fi kowa a ginin nan saninta. Ta yi ƙwafa ta sake danna nata daga farko.

Sha biyu saura kwata ƙofa ta rufe.

Wayoyin ofis suka hau ruri. Mota goma sha bakwai na kan titi, cike da kaya, direbobi na kallon waya ba adireshi ba oda. Aka bazama neman tsofaffin takardu a durowa, ana karanta wa direbobi sunayen shaguna da baki, wani ya kai kifi inda ake jiran kaji. Motoci biyu suka dawo da yamma ruwa na ɗiga daga ƙofar baya. A saman allo kuwa ga sunanta ɓaro-ɓaro, dubu hamsin.

Manaja ya kira masu rumbun da kansa. Ya daɗe da waya a kunne, ba abin da yake cewa sai "To" da "Ashe". Da ya ajiye ya sa aka kira masa su biyun. Ya juyo musu da kwamfutarsa, ya riƙa ja da shafin baya, wata ɗaya, wata uku, wata shida. Goma sha biyu. Goma sha biyu. Goma sha biyu.

"An fahimtar da ni," ya ce. "Ashe ke ce gwanar, ni ne ban san komai ba."

Maganar da ta shekara shida tana jira ke nan, amma ba a irin wannan rana ta so jin ta ba.

"To yanzu ki faɗa min. Mai iya aiki da goma sha biyu, yau ta yi dubu hamsin. In kuskure ne, kowa na yi. In da gangan ne, ki ajiye mabuɗinki ki tafi."

Auta ya sunkuyar da kai, don ya san amsar. Ita kuwa ta tuna 'ya'yanta biyu da ke makaranta. A duniya ba abin da take tinƙaho da shi kamar iya aikin nan, kuma shi za ta ƙaryata da bakinta, a gaban ƙaninta.

"Kuskure ne, ranka ya daɗe. Na taɓa abin da ban gane ba."

Manaja ya mayar da kwamfutarsa gabansa.

"Shi ke nan. Amma ba zan ba da kujera ga mai taɓa abin da ba ta gane ba. Auta, aikinka na da ɓarna, sai dai ba ka taɓa tsayar min da mota ba. Kujerar taka ce. Daga yau duk tambayar da za ta aika, kai za ka duba ka amince tukuna."

Washegari ta mayar da tambayoyinta goma sha biyu yadda suke, ta tura masa, ta je ta tsaya a gaban sabon teburinsa tana jira. Ya ƙura wa allon ido, ya ja sama ya ja ƙasa. Tana gani tun daga layi na uku ya ɓace. Can ya ɗago, idonsa ya yi ja, ya rage murya don kada a ji.

"Yaya, don Allah ki yi haƙuri. Wanne zan danna?"

Ta miƙa yatsa ta nuna masa.