Ruwan da Fayil Bai Gani Ba

Yayana Onesimo ne ya tayar da maganar siminti. Ya kira ni ina ofis a Minneapolis, ko gaisuwar kirki babu.

"Eufemia, bangon arewa na gidan Mama yana zubewa. Ni gwiwata ta ƙi, ke kuma kin zama 'yar birni. A shafe shi da siminti kowa ya huta."

"Yaya, gidan ƙasa ne fa."

"Da na ce miki na zinariya ne? Ba ke ce injiniya ba? Tambayi kwamfutar taki."

Aikina ke nan dama. Nakan gina gida a cikin kwamfuta, in sakar masa yanayin shekara guda, in ga inda zafi zai shiga da inda danshi zai maƙale. Yanayin a fayil yake zuwa, kuma ba shekarar gaske ba ce. Haɗe-haɗe ce kamar bargon ƙyallaye: Janairu daga wata shekara, Fabrairu daga wata, duk wanda aka ga ya fi kama da na kullum.

Na gina gidanmu na kwarin Mora, na shafa masa siminti, na sa fayil ɗin yanayin garin da ya fi kusa da mu. Bango ya fito a bushe ƙamas. Na gaya wa Yaya, ya ce madalla.

Ni kuwa raina ya ƙi daɗi. A wurinmu yaɓe aikin mata ne, duk Agusta. Mama takan kwaɓa ƙasa da ƙaiƙayi, ta hau tsani, ta shafe gidan da tafin hannunta, maƙwabta na gasa koren barkono suna yi mata tsiya. Tun da ta rasu ba wanda ya sake taɓa bangon. Ina kewarta, ina kewar warin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan har cikin ƙirjina.

Kewar ce ta sa na leƙa in ga daga wace shekara aka ɗebo Agustan fayil ɗin. Sai ga 1994. Na san wannan Agustan. A ranar bikin waliyyi San Lorenzo ruwa ya kama mu muna kan yaɓe, ina budurwa, ina miƙa wa Mama kwaɓi. Aka yi ta kiran Mama ta sauko, ta ce ita ba gishiri ba ce. Tana dariya, laka na gangarowa ta gwiwar hannunta, aikin yini guda yana bin ruwa.

Na nemo ranar a cikin fayil ɗin. Ga ta nan kuwa: da la'asar zafi ya faɗi, iska ta taso, rana ta ɓace, danshi ya cika sama. Na matsa zuwa layin awon ruwan sama. Sifili.

Na bi shekarar kaf, sifili ne daga farko har ƙarshe. Ba wai ba a yi ruwa ba ne, ba a cike layin ba ne kawai, kwamfuta kuma ba ta san bambancin "babu" da "ba a auna ba". Ashe a garin da sama ba ta taɓa zubarwa ba na gina gidan Mama.

Na samo awon ruwa na gaske na kwarin, na sake gwadawa. Ruwa yana bi ta tsagar siminti ya shiga, ya rasa hanyar fita, ƙasar ta ruɓe daga ciki, waje kuma fes.

"Wato kwamfutar ta yi amai ta lashe," in ji Yaya. "To wa zai yi yaɓen, ranki ya daɗe?"

"Ni."

"Ke? Da waɗannan hannuwan na danna madanni?"

Na je a Agusta. Yaya ya tarbe ni yana ɗingishi, ya riga ya tara ƙasa. Na zagaya bangon arewa, duk ruwa ya cinye shi, sai can ƙarƙashin rufin kwano inda feshi ba ya kaiwa. A nan yaɓen Mama na ƙarshe yake, sawun yatsunta a jere, har inda zobenta ya ja layi.

Na tsaya a kan tsani da laka a hannu, na kasa.

"A bar wannan wurin, Yaya."

"In kin bar shi, ta nan ruwa zai shiga bayan sabon." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ita ma haka ta rufe na Kaka."

Na ɗora tafina a kan nata. Nata ya fi faɗi. Na daɗe a haka, Yaya bai ce in yi sauri ba. Sannan na shafa.